Gawayin Kakana

Gari ya cinye gonakin unguwarmu kaf, saura ta kakana a tsakiyar benaye. Rannan dillali ya kafa turaku, ya kawo mai awon fili, wai rabin gonar nasa ne.

"Tsoho, ina takardarka?" in ji dillalin.

"Tana ƙasa, ɗan nan." Kaka ya miƙo mini fartanya. "Haƙa nan."

Na haƙa har gwiwa, sai ga gawayi. Ashe tun yana saurayi ya binne shi a kusurwoyin gonar, alamar iyaka, don ba ya ruɓewa. Duka huɗun muka tono.

Mai awo ya tumɓuke turakun da hannunsa. Kaka ya ce, "Sauka lafiya, dillali. Bana ma masara zan shuka."