Karatun Ɗakin Kafinta

Reza na kan maƙogwaron Kafinta lokacin da ya yi maganar, sai da Mai Aski ya janye hannu da sauri.

"Haba tsoho, so kake ka ja mini kisan kai? Bari in gama mana."

"Cewa na yi ka karanta mini," in ji Kafinta. Maganar ta gefen baki take fita, a karkace, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi wata huɗu da suka wuce. Da ido ya nuna kan akwatin da ke gefen gado. Littafin addininsu ne a wurin, mai baƙin bango, gefunansa duk sun tattare saboda yawan buɗawa.

Mai Aski ya goge kumfar sabulu a jikin tawul, ya yi kamar bai ji ba. Shekara goma sha tara ke nan suna haya a gida ɗaya, bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. A shekarar farko Kafinta ya taɓa kawo masa irin wannan littafin, sabo dal, naɗe a jarida, wai kyauta ce. Mai Aski ya mayar da hannuwansa baya ya ce, "Na gode, nawa ya ishe ni." Kafinta ya yi dariya ya koma da abinsa. Bai sake kawowa ba, amma bakinsa bai daina ba. In ana hira a ƙofar gida sai ya jefo, "Littafinmu ya ce..." Mai Aski kuma ya tare shi, "Namu ya faɗa, kuma ya fi naku iya faɗa." Su yi ta yi har matar Mai Aski ta leƙo ta ce abinci na hucewa. Bencin shagon askin ma Kafinta ne ya haɗa shi, har yau ko motsi ba ya yi.

"Mutanen cocinku fa?" Mai Aski ya tambaya.

"Sai Lahadi suke zuwa. Yau Litinin. Idon ya tafi, maƙwabci, tabarau ya daina taimakona. 'Yata kuma ka san asibitin da take aiki ba kusa ba ne."

"Ka san dai ni ba naku ba ne."

"Ban ce ka zama namu ba. Idonka nake son aro, da bakinka."

Mai Aski ya daɗe yana wanke rezar da ta riga ta wanku. Daga baya ya goge hannu a rigarsa, ya yi bismillah a zuci, ya ɗauki littafin. Ya fi yadda ya zata nauyi. Ƙamshin katako da man goge kujera ke tashi daga shafukan. Wani siririn ɓawon katako ne alamar inda mai shi ya tsaya.

Ya fara karantawa da ɗar-ɗar, kamar mai taka ƙasa a duhu. Kukan wani mutum ne da ƙarfinsa ya ƙare, yana roƙon Ubangiji kada ya bar shi shi kaɗai. Kafinta ya rufe ido, rabin fuskarsa a aske, rabi cikin kumfa. Da aka juya shafuka zuwa wani wuri da Kafinta ya nema, Mai Aski ya iso wani layi ya tsaya cak. Abin da ke rubuce a nan ya saɓa wa abin da aka koya masa tun yana yaro, harshensa ya ƙi ɗauka.

"Na san inda ka tsaya," in ji Kafinta, ido a rufe. "Tsallake. Wannan nawa ne, ni zan faɗa."

Ya faɗe shi da ka, a hankali, miyau na zuba ta gefen bakinsa. Mai Aski ya sa tawul ya share masa, sannan ya ci gaba daga layi na gaba.

Haka suka yi Talata, haka suka yi Laraba, bayan la'asar, in shago ya yi sauƙi. Ranar Laraba da ya rufe littafin Kafinta ya ce, "To kai ma yi mini naka."

"Me za ka gane a ciki?"

"Shekara nawa ina jin ka ta bangon nan kowace asuba? Har inda kake yin tari na sani."

Mai Aski ya yi dariya, ya gyara zama, ya karanta masa 'yan ayoyi da murya ƙasa-ƙasa. Da ya idar Kafinta ya ce, "Muryarka ta fi daɗi a nan. A nawa kamar mai karanta takardar asibiti kake."

Ranar Alhamis da hantsi wani direba da ke jiran layi a shago ya ce, yana kallon madubi, "Mai Aski, ashe an samu ƙarin girma? An ce yanzu kai ne faston gidanku." Wata maƙwabciya ce ta jiyo ta taga, magana kuma ta zaga layi. Masu jira suka kwashe da dariya. Wani dattijo da ya shekara goma yana aski a wurin bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce zai dawo wani lokaci.

Da azahar limamin unguwa ya shigo gyaran gemu. Mai Aski ya jira har shagon ya rage su biyu, sannan ya kwashe komai ya faɗa masa.

"Zuciyarka ta koma can?" Liman ya tambaya.

"Allah ya kiyaye, Malam."

"Ya ce ka bar naka?"

"Ko kusa. Inda ba zan iya faɗa ba ma shi yake faɗa da bakinsa."

Kilifa na kuka a gefen kunnensa, Liman ya ce, "Mara lafiya ne, maƙwabcinka ne, ba shi da kowa a kusa. Ni ban ga abin da zan hana ka ba. Masu surutu kuwa za su gaji."

Don haka ba wanda ya hana shi. Wannan ne abin da ya kasa mantawa daga baya.

Bayan la'asar ya rufe shago ya nufi gida kamar kullum. A ƙofar gida ya tarar da direban nan da mutum uku a kan dakali, suna bin sa da ido. Ya gaishe su ya shige. A tsakar gida ƙofar Kafinta na a buɗe kaɗan, labule na motsi. Mai Aski ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya bi ta jikin bango a kan yatsun ƙafa.

"Mai Aski?"

Ya tsaya. Muryar ba ƙarfi, amma ta fito sarai.

"Mai Aski, kai ne?"

Bai amsa ba. Ya ce a ransa gobe, in ƙura ta lafa. Ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, ya zauna a bakin gado da takalman a hannu.

Dab da magariba matarsa ta kai wa tsohon shayi. Ƙarar faɗuwar kofi ya fara ji, sannan salatinta.

"Baban yara! Zo ka gani!"

Kafinta na kwance, kai ya karkata wajen ƙofa, ido a buɗe. Littafin na kan ƙirjinsa. Da hannunsa mai lafiya ya jawo shi daga kan akwati, Allah kaɗai ya san da wace wahala, ya buɗe shi kuma a juye, ƙasa a sama. Mai Aski ya durƙusa ya shafe masa ido. Jikin bai gama hucewa ba.

Washegari 'yar Kafinta ta iso, har da takalmin aikinta a ƙafa. Mutanen coci suka cika tsakar gida da waƙoƙi masu sanyi. Kafin a ɗauki gawar ta zo ƙofar Mai Aski ta durƙusa.

"Kawu, alfarma nake nema. Gemun Baba ya ɗan tofo, kuma ka san ba ya yarda kowa ya taɓa masa fuska sai kai."

Ya ɗauko jakar aikinsa. Ya kaɗa kumfa da ruwan ɗumi, ko da yake ya san ɗumin ba zai amfani kowa ba. Fatar ta yi sanyi, ba ta biyo reza yadda ta saba. Karkacewar bakin ta saki, fuskar ta koma irin ta da. Yarinyar na tsaye a kansa riƙe da tawul.

"Shekaranjiya mun yi waya," ta ce. "Sai murna yake, wai kullum kana zuwa kana yi masa karatu. Ya ce bayan shekara goma sha tara ya ci galaba a kanka, har da dariyarsa. Allah ya saka maka, Kawu. Da ba ka nan, da shi kaɗai zai tafi."

Mai Aski ya sunkuya ya ci gaba da bin ƙasan haɓa, a hankali, gashi ɗaya-ɗaya, har bayan ba sauran abin askewa.

Ta so ta bar masa littafin. Ya ce ta tafi da shi, gadonta ne. A shago maganar ta mutu cikin kwana uku, dattijon nan ma ya dawo askinsa ba tare da ya ce komai ba. Mai Aski ne dai ya koma yin shiru. Wani lokaci yana tsakiyar aski sai ya kashe kilifa ya juya wajen ƙofa, wanda yake yi wa askin ya tambaye shi lafiya, ya ce ya ɗauka kiransa aka yi. Da asuba kuma, in ya zauna karatu, sai ya ji ya rage murya, can kuma ya ɗaga ta fiye da yadda ya saba.

Bayan mako guda mota ta zo ta kwashe kayan ɗakin: gado, akwati, zarto da guduma da sauran kayan aiki. Maigidan haya ya sa kwaɗo a ƙofar. Da yamma hadari ya haɗo, matar Mai Aski ta fito kwashe shanya da gudu. A can ƙarshen igiya ta tsaya.

"Baban yara, sun manta da wannan."

Rigar Kafinta ce, shuɗiya mai aljihu biyu, wadda ita da kanta ta wanke masa da safen Alhamis ɗin da ya rasu. Rana ta busar da ita har ta sandare. Mai Aski ya fito ya tsaya a bakin ƙofa.

"In sauke?" ta tambaya.

Iska ta cika rigar, ta ɗaga hannunta ɗaya ta sake shi. Ɗigon farko ya sauka a kafaɗar rigar, ya bar ɗan baƙin tabo.