Fara a Ƙarƙashin Kwano

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Malam Istifanus, kalma ɗaya tal ta rage masa a baki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a wata sakandare a Tarauni, mai surutu kamar rediyo, ga shi kwance a falon gidansu na Gyadi-Gyadi. A ba shi kunu, ya ce "whelm". A juya shi, ya ce "whelm". Matarsa Talatu ta tambayi 'yan coci, ta tambayi maƙwabta, kowa ya ce sambatu ne kawai.

Su kuwa 'yan dubiya, Allah ya shirye su! Su yi masa sannu sau ɗaya, sai su zauna a kansa suna hira kamar ba ya ɗakin. A nan gabansa ƙanensa Inuwa ya yanke magana, wai hankali ya riga ya tafi, gara a mayar da shi ƙauyensu can Kudancin Kaduna, in ta Allah ta kasance ba sai an sha wahalar ɗaukar gawa ba. Talatu ba ta so, amma ta gaji, ko musu ba ta iya yi. Aka sa ranar Asabar.

Ranar ana ɗaure kaya sai ga Hajara, wata tsohuwar ɗalibarsa, ta zo daga Darmanawa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya kafa mata ido ya faɗi kalmarsa, sai ta dafe ƙirji.

Ta ce wa Talatu ai ta san kalmar. Tsohuwar kalmar Turanci ce, ko masu harshen ba su cika faɗarta ba. Ranar da ya koya musu ita, fara ya kamo a filin makaranta, ya ajiye a tebur, ya kifa mata kwano. Ya ce ma'anar ke nan: abu ya kife a kanka ya rufe ka ruf, ruwa ne ko baƙin ciki. Sannan ya sa ajin ya yi tsit har suka ji tana bugun kwanon daga ciki.

"Mama, cewa ya yi farar tana jin duk abin da muke faɗa. Fita ce ba ta iya yi."

Talatu ta saki kayan da take ɗaurewa. Maganar gawar nan ta faɗo mata a rai. Ta dubi mijinta, ga hawaye yana gangarawa cikin kunnensa.

Inuwa ya leƙo ya ce mota ta iso, a kama masa a ɗauko shi.

"A sauke kayan nan," in ji Talatu. "In kana da magana, ga yayanka nan, yana jin ka."

Inuwa ya tsaya turus a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da mai jinyar.

Can Talatu ta tambayi Hajara a hankali ko farar ta fita.

"Ta fita, Mama. Malam ne ya ɗaga mata kwanon."

Talatu ta dubi hannun mijin nata a yashe kan zanin gado, ta ɗauko shi ta riƙe.