Motar Baba Yisa

"Ƙara mata kaɗan!" Muryar Baba Yisa ta fito ta taga, sai tari ya biyo baya.

Audi ya share gumi, ya sake cusa sifana gefen famfon mai. Shi fa tela ne, abin da ya sani zare da allura. Maƙwabtaka ce ta ɗora shi kan wannan tsohuwar motar soja da Baba Yisa ya saya a gwanjo bayan ya ajiye kaki. Mota ce marar tsirfa, gas ko kananzir, abin da aka ba ta shi take sha. Da gas ya yi tsada, tsohon ya koma karɓar tsohon man suya wurin masu ƙosai, ya tace, ya dafa da sinadari har ya tsinke. Sai dai wannan mai ba ya da ƙarfin gas, dole a ƙara buɗe famfon, kuma da kunne Baba Yisa yake auna shi.

Wata biyu ke nan yana kwance. Buri ɗaya ya rage masa: ya ga Kaboji, garin da aka yanke cibiyarsa. Damina ta cinye hanyar unguwarsu can, motar nan kaɗai za ta iya shiga.

Audi ya murɗa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe layin.

"Kai tela! Ɗinkin Sallah kake yi ne? Ka shaƙe ta! Koma baya, rabin rabi."

Audi ya yi dariya, amma zuciyarsa ta karye, don muryar ta yi sanyi ƙwarai. Ya koma baya a hankali, ya saurara, ya sake taɓawa. Hayaƙin ya washe. Ƙarar injin ta daidaita, ba tsalle ba gargada.

"Baba, ta yi?"

Shiru.

"Baba, na ce ta yi, ko in ƙara?"

Ramotu, matar tsohon, ce ta ɗaga labule. Bakin zanenta na kan fuskarta.

"Malam Audi, kashe ta. Ya cika."

Audi ya yi salati. Ya so ƙwarai a ce tsohon ya ji yadda injin ya daidaita, ko da numfashi ɗaya ne, amma babu mai gaya masa. Ya hau gaban motar don ya kashe. A kujerar fasinja ya tarar Ramotu ta riga ta jera filo biyu tun da safe, da hular tsohon ta zuwa unguwa a kai.