Ɓaunayen Wendell

Virgil ya tura ƙofar kicin ɗin maƙwabcinsa Wendell da kafaɗa, tukunyar miyar kaza a hannunsa, sai ya tarar da Darlene a bakin famfo. Ta naɗe hannun riga tana dirzar wani abu da tsohon buroshin haƙori. A kan tawul ɗin da ta shimfiɗa a gefe, tsabar nikel ce, tsofaffin sulallan senti biyar, jere sahu-sahu, kowace tana ƙyalli kamar yau aka buga ta. Kwalin nan shuɗi mai ramuka da mahaifinta yake adana su a ciki yana buɗe, saura 'yan kaɗan a shafin ƙarshe.

"Kawu Virgil, zo ka gani!" in ji ta. "Tun safe nake fama. Man goge cokula na samu a ƙasan famfo. Haba, mutum ya ajiye abu duk dauɗa haka? Nas ta ce ganin Baba ya yi rauni, shi ne na ce bari in fito masa da su yadda zai gani."

Virgil ya ajiye tukunyar a hankali.

Duk wanda ya taɓa tara tsofaffin kuɗi ya san doka ta farko: ba a wanke tsaba. Wannan duhun da shekaru suka shafa mata shi ne mutuncinta. Ranar da aka goge shi, ta zama ƙarfe kawai, dillali ko kallo na biyu ba zai yi mata ba. Wendell Hruska, mahaifin Darlene, tun yana aikin awo a rumbun hatsin gari yake tsince su ɗaya bayan ɗaya, nikel masu hoton ɓauna a baya, wasu daga canjin kanti, wasu a gwanjon kayan mamata. Bayan matansu sun rasu, kowace Asabar shi da Virgil sukan zauna a teburin nan, kowa da farar safar hannu ta auduga, suna musu a kan ƙahon ɓauna. A garin kaf ba mai sauran kulawa da zancen sai su biyu.

Ita kuwa Darlene ba ta san komai a kai ba, kuma ba laifinta ba ne. Tana 'yar ƙarama ta taɓa zarar guda ta sayi cingam. Tsawar da uban ya daka mata har gidan Virgil aka ji. Daga ranar aka sa wa durowar tsabar makulli. Da ta girma ta tafi birnin Denver, gaisuwarsu ta koma ta waya, ta Kirsimeti. Wannan zuwan ma sai da likita ya ce kwanaki suka rage wa uban.

Ta zaro ta ƙarshe daga raminta da farce. Virgil ya gane ta tun daga nesa: ɓauna mai ƙafa uku, wadda kuskuren maƙera ya cinye mata ƙafar gaba. Wendell ya fi shekara ashirin yana nemanta.

In ya yi magana yanzu, wannan ɗayar za ta tsira. Amma yarinyar za ta juya ta dubi tawul ɗin, ta gane abin da ta yi wa sauran, ta koma 'yar nan mai cingam a baki. In ya yi shiru, ya ci amanar abokinsa yana tsaye. Ya auna wannan, ya auna wancan, bai ga wanda ya fi sauƙi ba. Kafin ya gama awon, buroshi ya sauka.

"Riƙe, share min wannan," ta ce.

Ya karɓa ya share.

An sa gadon Wendell a falo, kusa da taga, robar iska a hancinsa. Darlene ta jera tsabar a faranti ta kawo masa da hannu biyu, ta tsaya kamar ɗalibar da ta kawo sakamakon jarrabawa. Rana ta bugi farantin, haske ya watsu a silin.

Tsohon ya lalubo gilashinsa mai ƙara girma. Ya ɗauki guda ta gefe-gefe, yadda ya saba. Ya juya ta. Ya ɗauki wata. Ba abin da ake ji sai hucin injin iska. Virgil ya kafa wa takalminsa ido.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ce, Baba."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ba su yi ba ne?"

Wendell ya ajiye gilashin. "Miƙo hannunki." Yatsunta sun yamutse da ruwa, ƙarƙashin farcen ya yi baƙi. Ya daɗe yana kallonsu fiye da yadda ya kalli tsabar. "Tun da nake," ya ce, "ban taɓa ganin ƙahon nan ya fito haka ba. Sannu, 'yata."

Ta ce bari ta dubo miya, amma baranda ta nufa. Suna jin ta tana fyace hanci.

Wendell ya juyo da kai. "Kai, tsohon banza. Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Har mai ƙafa uku?"

"Ni na share ta da tawul."

Tsohon ya rufe ido, kafaɗunsa suna motsi. Virgil ya ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har ta zama tari. Da ya lafa ya ce, "Dama baƙin ciki kake da ita tun ranar da na riga ka."

"Ai gurguwa ce. Me zan yi da gurguwa?"

"Saurara." Ya kamo hannun rigar Virgil. "Kada ka bari ta kai su shagon Lyle dillalin tsaba. Ka san bakinsa. Daga ƙofa zai faɗa mata."

Ranar Alhamis da hantsi, motocin masara suna wucewa zuwa rumbu, Wendell ya cika. Darlene tana riƙe da hannunsa, farantin yana kan taga.

Mutanen da suka zo jana'iza ba su cika benci uku na coci ba. Virgil ya yi kwanaki yana juya maganar. Hanya ɗaya ya gani: ya sayar wa Lyle nasa tarin, ya saye na Wendell a farashin da suke da shi kafin wanki. Ƙarya ce wannan ko alkawari ne, bai iya rarrabewa ba. Ya dai ɗaure kwalayensa da roba ya ajiye bakin ƙofa.

Ya sami Darlene tana loda akwatuna a mota. Ya cire hula, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce yana so ya sayi tsabar, kada ta wahalar da kanta da dillalai.

"Sayarwa?" Ta yi masa kallon mamaki. "Kawu, ai ko duniya za a ba ni. Abu ɗaya ke nan da na taɓa yi masa ya ce ya yi." Ta buɗe jaka ta zaro wani abu a ƙunshe cikin hankici. "Wannan kuma taka ce. Ya ce in ba ka gurguwar, wai ka daina ƙyashi."

Virgil ya karɓa, ya sa a aljihu.

"Af, na manta. In sun sake dusashewa, da me ya fi kyau in goge?"

Ya dubi tagar falon, an riga an sauke labule.

"Wanda kika yi amfani da shi ya isa," ya ce.

Ranar Asabar ya tashi ya dafa kofi, sai da ya zuba kofi biyu ya tuna. Ya mayar da ɗaya cikin tukunya. Ya zauna a teburinsa, ya sa farar safar hannu, ya kwance hankicin. Ɓaunar tana tsaye da ƙafafunta uku, fes, ba sauran duhu ko a ƙarƙashin cikinta. A ƙetaren titi wani mutum yana buga allon sayar da gida a cikin ciyawar Wendell.

Virgil ya zare safar yatsa bayan yatsa, ya ajiye. Ya ɗora tsabar a tafin hannunsa, ya rufe. Da farko sanyi gare ta. Ya zauna a haka har ta ɗauki ɗuminsa.