Abin da Baƙar Taga Ta Faɗa

Ofishin ƙungiyar direbobin bas yana saman bene ne, a kan shagon mai faci, kuma duk wanda ya hau zai tarar da abu biyu da ba sa gusawa: Don Floresmilo Jumbo, tsoho mai raba wa motoci hanya, a kan kujerarsa, da tsohuwar kwamfutar da ta girmi rabin kwandastocin tashar. Kowace yamma tsohon yakan zauna ya danna lambobin motoci da yatsu biyu, wace za ta hau Cariamanga gobe, wace za ta gangara Catamayo, wace za ta huta. Da safe kwamfutar ta jera su a cikin wata baƙar taga mai farin rubutu, ba hoto ba kwalliya, sai umarni da amsa.

Nubia Tandazo ce mai kula da kwamfutar, kuma tsohon ne ya kawo ta aikin. Shi ya riƙe ta a coci ranar baftismarta, shi ya tsaya mata bayan rasuwar mahaifinta, shi ya buga tebur a gaban kwamiti ya ce yarinyar nan ta karanci na'ura, a ba ta wuri. Kullum da safe yakan hauro da tamal biyu a leda, wani irin alalen masara, da zafinsu a cikin ganye, ya ajiye mata ɗaya.

Aikin da ya fito da sunanta ɗan ƙarami ne. Da, sai direba ya hauro bene ya leƙa takarda a bango kafin ya san hanyarsa. Nubia ta rubuta wani ɗan jerin umarni wanda da gari ya waye yakan tayar da tsohuwar manhajar da ke jera motocin, ya kwashe rubutun da ta zubo a baƙar tagar, ya tura shi guruf ɗin direbobi a waya. Ba hannun kowa a ciki. Direbobi, waɗanda ba su cika yabon kowa ba in ba injin motarsu ba, suka koma kiranta Injiniya. Kanta ya ɗan kumbura, ba laifi, yarinya ce.

Sai dai akwai abin da ita kaɗai ta sani. Idanun tsohon sun fara tafiya. Uku da takwas sun zame masa abu ɗaya, sai ya saka mota guda a hanya biyu, wata kuma ya bar ta ba aiki. Ko saƙon waya ya shigo masa, sai ya shafa aljihu ya ce, "Kash, na baro tabarauna a gida. 'Yata, duba mini." Alhali tabaran yana rataye a wuyansa, ya daina amfana masa komai ne kawai. Nubia ta san in maganar ta kai kunnen Doña Herminia, shugabar ƙungiya, wadda ta daɗe tana cewa kujerar nan sabon jini take so, to tsohon ya gama zama a kanta. Kuma kujerar ita ce abin da ya rage masa tun bayan da ya ajiye tuƙi.

Saboda haka ta koya wa manhajar ta riƙa gano kuskuren tana gyarawa a ɓoye. Wannan kam alheri ne. Amma masu rubuta umarnin kwamfuta suna da wata ɗabi'a: in suna son su san gyara ya yi aiki, sukan sa na'urar ta tofa wata 'yar magana a taga, kuma da yake ba mai gani sai su, abin da ya zo bakinsu suke rubutawa. Ranar da Nubia ta yi nata gyaran yunwa take ji, kanta na sarawa, tsohon kuma ya sa ta sake aiki ɗaya har ta gaji. Ta rubuta abin da ya zo bakinta. Daga baya takan ga layin da safe ta yi ɗan murmushi, har ta saba da shi, ta daina ganinsa.

Ita baƙar taga baki biyu gare ta. Da ɗaya take faɗin sakamako, da ɗayan take ƙorafi, duk a fuska guda suke fitowa, amma mai kwashewa yana iya ɗaukar ɗaya ya bar ɗaya. Nubia sakamako kawai take kwasa, layin nata kuwa ta ɓangaren ƙorafi yake fita. Rannan saƙo ya tafi guruf fanko, direbobi suka yi mata caa, ita kuma ba ta san me ya tsaya ba. Don kada a sake, ta ƙara 'yan haruffa a ƙarshen umarnin, ta ce a kwaso duka, ƙorafi da sakamako. A ranta ta ce gobe za ta ware ƙorafin ya riƙa zuwa wayarta ita kaɗai. Goben ta zo ta wuce, tsohon bai yi kuskure ba a 'yan kwanakin, ta manta.

Safiyar Laraba tana cikin motar gari wayarta ta yi ƙara. Ta duba don ta ga saƙonta ya tafi lafiya, kamar yadda ta saba. Ya tafi. A can sama, kafin jerin motoci, ga shi ɓaro-ɓaro:

"Makahon tsohon nan ya sake saka mota ɗaya sau biyu. Na sake kwashe masa kashinsa."

A ƙarƙashinsa fuskokin dariya sai zubowa suke. Ta so ta goge, amma me za a goge a abin da tasha guda ta riga ta karanta? Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga ido ta kalli matar da ke gefenta, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Tun daga bakin tasha ta jiyo muryar Wilfrido, direba mai tumbi da ba ya barin wasa ya wuce shi. Ya tare tsohon a gindin bene, ya ɗaga yatsu a gaban fuskarsa.

"Baba Flores, don Allah nawa ne nan? Uku ko takwas?"

"Kai, tafi can, ɗan banza. Ka je ka wanke motarka, tana wari kamar kai."

"To ka faɗa mana! Injiniya ta ce akwai abin da take kwashe maka, mu dai ba mu tambayi ko mene ne ba."

Aka kwashe da dariya. Wani ya hango ta ya ce, "Ga ta nan, mai shara ta iso!" Nubia ta sunkuyar da kai ta haye benen da sauri. Doña Herminia tana tsaye a ƙofar nata ofishin da waya a hannu, ta bi ta da ido kawai.

Tsohon ya ɗauki lokaci kafin ya ƙaraso sama, yana lalubar bango kamar mai duba ko fenti ya bushe. Ya ajiye mata tamal ɗinta a inda ya saba. Ya zauna, ya ciro wayarsa, ya shafa aljihu.

"Na baro tabarauna. 'Yata, yau me ya shigo guruf ne? Yaran nan tun ɗazu suke haushi kamar karnuka, ba wanda ya gaya mini kan zancen."

A nan ne ta gane. Duk tashar, shi kaɗai ne bai san abin da aka rubuta a kansa ba, kuma ita yake roƙo ta karanta masa.

"Jerin motoci ne, Baba."

"Jerin motoci ba ya ba Wilfrido dariya. Karanta."

Ƙarya ta zo mata har bakin harshe. Tana iya cewa na'ura ce ta rikice, ta ƙirƙiro wata magana mara zafi. Amma kafin azahar wani zai karanta masa da ƙarfi a gaban jama'a, har da ƙarin gishiri. Ta karɓi wayar ta karanta masa har kalmar ƙarshe.

Tsohon ya karɓi wayarsa ya ajiye a tebur. A ƙasa mai faci yana buga taya.

"Na'urar ce ta ƙago wannan?"

"A'a, Baba. Ni na rubuta. Ba don kowa ya gani ba, wallahi, ni kaɗai..."

"Tun yaushe kike gyarawa?"

"Tun kafin bikin gari na watan Agusta."

"Kuma duk ranar da na yi kuskure, sai ta faɗi haka?"

Ta gyaɗa kai, sannan ta tuna ba lallai ya gani ba, ta ce, "E."

"Ke kuma ki karanta, sannan ki ci tamal ɗina."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Hawaye suka zubo mata, ta ce za ta sauka yanzu ta gaya wa kowa wasa ne, gwaji ne, idonsa ƙalau. Za ta shiga wurin Doña Herminia ta rantse.

"Ki rantse a kan me? Ƙarya na'urar ta yi?"

Ta share hawayenta.

"Na san wani yana gyara mini," in ji shi a hankali. "Ni ba yaro ba ne. Na zaci ke ce, na riƙa cewa a raina, yarinyar nan ta rufa mini asiri, Allah ya rufa nata. Abin da kike faɗa lokacin da kike rufawar ne ban sani ba."

Ya cire tabaran daga wuyansa, ya naɗe igiyar, ya sa a aljihu. Ya lalubo makullin ofis daga ɗamararsa ya riƙe a hannu.

"Zan kai wa Herminia da kaina, kafin ta aiko a kira ni. Daga nan gida."

"Baba, don Allah..."

"Ki goge wancan layin. Gyaran ki bar shi, wanda zai zauna nan shi ma mutum ne."

Ta ji shi ya shiga ofishin shugabar, ta ji ya fito, bai daɗe ba. Ta buɗe baƙar tagar, ta nemo layin ta goge, aikin da bai kai haɗiyar yawu ba. Da ta ɗago, yana tsaye a saman benen, ƙafa ɗaya na neman matakala, bai sauka ba. A ƙasa direbobi sun yi cirko-cirko, dariyar ta mutu, har Wilfrido ya cire hularsa yana murza ta.

"Nubia," ya kira, bai ce 'yata ba. "Tunda kowa ya sani, zo ki riƙe mini hannu. Benen nan ya daɗe yana ba ni tsoro."

Ta zo ta riƙe. Hannun bai kai nauyin da ta zata ba. Suka sauka a hankali a gaban tashar gaba ɗaya, tana faɗa masa inda matakala take, shi kuma yana cewa "to" a kowace.