Harsashin Agusta

Kostadin Velchev ya kwanta rub da ciki a layin harbi, sanyin Nuwamba yana cin gwiwoyinsa. Takardar hari tana can gindin tsauni, mita dubu cif. Likita ya riga ya gaya masa, yanar ido ta fara rufe masa idon dama, baɗi ba zai sa masa hannu a takardar lasisi ba. Harbi goma suka rage masa a gasar bana, ta ƙarshe gare shi. In duk suka shiga baƙin tsakiyar takardar, za a sassaƙa sunansa a katakon kulob ɗin maharba, ƙarƙashin na ubansa. In ba su shiga ba, shi ke nan.

Zdravko, abokin harbinsa na shekara ashirin, yana zaune gefe yana cin banitsa, wainar fulawa mai cuku, maiƙo har gemu. A cinyarsa akwai wayar da ke nuna hoton takardar. "Bai" yake kiran Kostadin, laƙabin girmama dattijo a ƙasarsu.

"Bai Kostadin, iska daga hagu take. Harba kafin ta sake shawara, tsufa ba ya jira."

Iskar nan ce ta ja masa. Shekara da shekaru yana harba harsashi mai giram goma, iskar kwarin tana kwashe shi ta kai gefe. A watan Agusta ya sayo masu giram goma sha uku, dogaye, waɗanda iska ba ta wasa da su. Zdravko ya ce murɗin cikin bututun tsohuwar bindigar ubansa ba zai juya dogon harsashi yadda ya kamata ba. Kostadin ya gwada cikin zafin rana, ramuka biyar suka fito kewayayyu, kusa da juna. Magana ta ƙare. Ya ɗura wa hamsin albarushi da hannunsa, marasa nauyin kuwa ya baro su gida.

Ya ja kunama.

Zdravko ya ƙura wa waya ido, ya ajiye banitsa.

"Faɗi mana, ko bakinka ya daskare?"

"Ya taɓa takarda, can ƙasa a fari. Amma ramin dogo ne, Bai. A kwance ya shiga."

Na biyu ma a kwance. Na uku ko takardar bai gani ba.

Kostadin bai buƙaci bayani ba. Iskar sanyi ta fi ta zafi kauri. Harsashin da ya tafi daidai da ƙyar a Agusta, yau wuntsila gudidi yake yi a hanya. Hannunsa bai yi rawa ba, idon ma yau bai ci amanarsa ba, kuma duk ba su da amfani.

"Ba ni naka marasa nauyin," ya ce.

"A'a."

"Kai, ɗan banza, bakwai kawai!"

"Nawa ɗurin sabuwar bindiga ne, albarushi har wuya. Bindigarka ta girme ni. In ta fashe a fuskarka, me zan gaya wa Tsveta? In ce mijinta ya roƙe ni?"

"Fuskata ce."

"Ba a harba ɗurin wani. Wa ya koya mini? Wa ya kusa marina a kan haka, a wannan layin?"

Kostadin ya duba agogo. Gida tafiyar awa biyu ce. Alƙalin gasa ya ɗaga murya, saura minti goma sha biyu.

Ya mayar da kunci kan bindiga.

"Karanta mini iska."

"Bai..."

"Karanta, na ce."

Zdravko ya karanta masa, kowane harbi, dalla-dalla kamar za ta canza wani abu. Kostadin ya harba bakwai ɗin a natse, bai gaggauta ko ɗaya ba. Biyu suka taɓa takarda.

Ya tashi da ƙyar, ya durƙusa yana tsince kwansunan harsasan daga ciyawa kamar kullum, yana hure ƙasa yana jera su cikin akwati don ɗuri na gaba. Sai da ya kai na tara ya tsaya, ya tuna ba shi da ɗuri na gaba. Ya tsinci na goman, ya rufe akwatin, ya miƙa wa Zdravko.

"Masu kyau ne. Sau biyu kawai na ɗura su."