Ɓarar Gyaɗar Mama Tabita

"Kama ni ta hannu, Zuwaira, ba ta hammata ba. Kada su ce gawa aka kawo musu."

Haka Mama Tabita ta ce lokacin da Zuwairatu ke sauko da ita daga kan babur a ƙofar coci. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Batsari, kuma tun da ciwo ya kwantar da tsohuwar bayan kaka, Zuwairatu ce mai dama mata kunu. Ita Musulma ce, amma yau Kirsimeti, maƙwabciyarta ta kafe sai ta je, to ai sai a kai ta.

A farfajiya an kafa rumfa, an ci shinkafa, an sha zoɓo, an shiga wasannin minti ɗaya. Yara sun yi tsere da ƙwai a cokali. Maza sun sha dariya wajen zura zare a allura, wani dattijo har da kanne ido, zare gabas, allura yamma. Sai Malam Bitrus, malamin makarantar da ke riƙe da agogo da usur, ya ce a kawo wa mata gyaɗa a faifai.

Ɓarar gyaɗa kuwa fagen Mama Tabita ne. Tun da aka fara wasan nan ba a taɓa kayar da ita ba. Duk shekara ita ke tafiya da bokitin kyauta, har Zuwairatu kan tsokane ta da cewa ɗakinta ya koma shagon roba.

"Mama, bana ki huta mana," in ji Malam Bitrus.

"Hutu na nan tafe, ɗana. Miƙo faifaina."

Aka hura usur. Zuwairatu na tsaye a bayan Mama. Yatsun nan da suka saba watsa ɓawo yau rawa suke yi, gyaɗa ɗaya sai an matsa ta sau biyu. Tsohuwar na rera wani baitin waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa ɗaura agogo ba, da baitin nan take auna mintinta.

Rahila, amaryar bana, ta riga ta tara tsibi. Ta ɗago ta ga hannun Mama, sai ta sassauta. Sauran matan ma suka sassauta. Malam Bitrus ya dubi agogo, ya kau da kai, usur a baki amma ya ƙi hurawa. Kowa na jira tsibin Mama ya kamo na Rahila.

Baiti ya ƙare. Mama Tabita ta ɗauke hannuwanta daga faifai.

"Bitrus, agogonka ya mutu ne? Minti ya cika."

"Mama, da ɗan saura…"

"A ƙofar ɗakin Ubangiji za ka yi mini ƙarya? Hura abinka. Ke kuma Rahila, kin cinye ni tun kafin ki fara tausayina. Zo ki ɗauki bokitinki."

Rahila ta durƙusa tana hawaye, tana tura mata bokitin. Mama ta mayar mata.

"Riƙe shi da kyau, aro na ba ki. Baɗi zan karɓi abina."

Rumfa ta kaure da guɗa da tafi. Zuwairatu ta ji alfahari ya cika mata ƙirji, ta taɓa wata baƙuwa da ke kusa da ita ta ce, "Maƙwabciyata ce fa."

Mama Tabita ba ta ga sabuwar shekara ba. Wata safiya Zuwairatu ta shiga da kunu, ta yi sallama, babu amsa. Tsohuwar na zaune a tabarma, jingine da bango inda hantsi ke fara sauka. Zuwairatu ta taɓa hannunta, ta ji shi da sanyi. Ta yi salati, ta ajiye kwanon, ta gyara mata ɗankwali kafin ta kira mutane.

Faifai na kan cinyar tsohuwar, ƙwaya gefe guda, ɓawo gefe guda. A tsakanin yatsunta akwai gyaɗa ɗaya da ta riga ta fasa wa baki.